Ƙugiya a Sunan Hajiya

Bahijja ta ɗora tafin hannunta a kan murfin injin ƙyanƙyasar, ta janye da sauri kamar wadda ta taɓa tukunya a murhu. Ba ta tsaya ajiye jakarta ba, ta kai hannu bango ta fizge wayar wutar. Fankar ciki ta yi 'yar ƙara ta tsaya. Da ta buɗe ƙofar injin sai wani huci ya daki fuskarta, haɗe da ƙarnin da ba ta buƙatar kowa ya fassara mata shi.

Ƙwan Goggo Bintu ne, ƙanwar babansu da ke zaune a Soron Ɗinki. Na kajinta ne da na maƙwabta, ta tara su ɗaya bayan ɗaya a cikin ƙwarya da ƙaiƙayi, ta kawo da kanta ta ce a gwada mata wannan abin da 'yar ɗan'uwanta ta ƙera. Yau ko gobe ake sa ran fitowar 'yan tsakin. Bahijja ta ɗauki ɗaya wanda ya riga ya huda ɓawonsa. Ga ɗan bakin nan a ramin, a buɗe, ba motsi. Ta ɗauki na biyu ta kara a kunne, ta ɗauki na uku. Shiru.

Sai a lokacin ta kalli allon. Ɗan ƙaramin allo ne mai layi biyu, bai fi tsawon yatsa ba, yana aiki da batirinsa ko da an cire wuta. Aikinsa ya nuna ɗumi da danshi, ya ce a ƙara ruwa in ruwa ya yi ƙasa. Yanzu babu ɗumi, babu danshi. A layin sama an rubuta "Haj Ummi", sai wasu 'yan sanduna biyu a kwance, sai fili, sai "antan". A ƙasa kuma "Maraba da ba", sai sandunan nan, sai fili, sai "i" shi kaɗai a gefe kamar an kore shi.

Ta ja kujera ta zauna. Mutum ɗaya ne yake da makullin shagon bayan ita.

Ƙamshin turarensa ne ya riga shi shigowa. Mikail, yayanta, ya sha shadda ruwan toka wadda sitaci ya sa take kuka in ya motsa, waya a kunne, yana ce wa wani a tabbata an kawo kujerun roba masu hannu. Shi ne manajan kamfanin. Haka aka buga a katinsa da ruwan zinare, duk da cewa kamfanin shago ɗaya ne a bakin titin Ƙofar Ɗan Agundi, ma'aikatansa kuma ita ce. Ita ta karanta injiniyan lantarki, ita take yanka katako, ita take liƙa waya da dalma. Shi kuma yana da digiri a harkar kasuwanci da iya gaisuwa.

"Yauwa, kin iso," ya ce yana sauke wayar. "Akwai 'yar matsala a rubutun nan, ki ɗan daidaita shi kafin Hajiya ta zo. Wai me yake wari haka?"

"Yaya, ka taɓa injin nan jiya?"

"Gaisuwa kawai na sa. Bayan kin tafi na ga ai bai dace babbar mace kamar Hajiya Ummi Ɗantani ta zo ta tarar allo yana cewa a ƙara ruwa ba. Na jona kwamfutarki na rubuta. Kuma na ƙirga, don kar ki ce ban sani ba. Kin ce layi gurbin harafi goma sha shida ne. Haj Ummi Ɗantani, ƙirga ki gani, sha shida cif."

Ta dube shi. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne da gaske ya ƙirga. Ta hango shi tsaye da yatsa a kan gilashi, leɓe yana motsi, yana jin kansa injiniya.

"Sha bakwai ne," ta ce.

"Ban gane ba."

"Harafi mai ƙugiya gurbi biyu yake ci a kwamfuta. Ɗa, ƙa, ɓa, duk bibbiyu ne. Allon nan kuwa waɗanda suka ƙera shi ba su san da mu ba, haruffan Turanci da na Japan suka zuba masa. In ka aika masa Ɗa, sai ya ga abu biyu, ya ba ka harafin Japan ɗaya da fili. Shi ya sa na zana namu da hannuna, ɗigo bayan ɗigo, na ba su lambobinsu daban. Ba a buga su kai tsaye. Na gaya maka wannan, a nan, kana cin gurasa."

"To ai shi ne na ce ki gyara."

"Ban gama ba. Wurin da na ware wa layin sha shida yake ɗauka. Ka cusa masa sha bakwai, ragowar ta zube a gurbin da ke kusa. Ka san me yake zaune a gurbin da ke kusa? Iyakar zafi. Hita ta kwana tana ci, ba mai ce mata ta tsaya."

Ta miƙa masa ƙwan mai huji. Ya karɓa da yatsa biyu, nesa da shaddarsa, ya leƙa. Ta zuba masa ido tana jiran ta ga ko da ɗan wani abu a fuskarsa. Ta gani kuwa. Tsoro ne, amma ba na abin da ke hannunsa ba.

"Innalillahi. Duka?"

"Duka."

"Bahijja, na gaya wa matar nan za ta ga 'yan tsaki suna fitowa da idonta. Da 'yan jarida za ta zo." Ya ajiye ƙwan a kan tebur, ya goge yatsunsa da takarda. "Amma ke ma wane irin inji ne wannan da harafi ɗaya zai dafa ƙwai? Ai da sai ki sa masa kariya."

A nan kam yana da gaskiya, kuma ba ta taɓa jin gaskiya ta yi mata ɗaci a bakin wani kamar yau ba. Ta san ya kamata ta sa. Ba ta sa ba ne don ta ɗauka duk duniya ba wanda zai taɓa aikinta sai ita.

Mikail ya fara zagaya shagon, shaddar tana kuka. Gidauniyar Hajiya Ummi tana son raba injinan ƙyanƙyasa ga ƙungiyoyin mata na unguwannin cikin birni, kuma abin da ya sa ta waiwayi shagonsu shi ne injinsu yana magana da Hausa. In kwangilar ta faɗo musu, aikin shekara ya samu. In ta kuɓuce, Bahijja ta koma gyaran caja da fitilar sola, shi kuma ya koma raka abokai ɗaurin aure.

Ya tsaya cak. Fuskarsa ta washe, irin washewar da take yi duk lokacin da wata dabara mara kyau ta zo masa.

"'Yan tsaki ai ana sayar da su."

"Yaya."

"Tsaya ki ji. Injin nan yana aiki ko ba ya aiki? Sau nawa kika ƙyanƙyashe ƙwai da shi lafiya lau? To ina ƙaryar take? Abin da zai iya yi za mu nuna mata, ba wani abu ba."

"Ka ce mata an samu matsala, ta dawo bayan sati uku."

"Hajiya Ummi ce za ta dawo? Ke kin san manya kuwa? Yau in ta fita daga nan ba hoto, gobe wani ɗan Legas ne zai kawo mata na China." Ya sassauta murya. "Ke dai gyara allon. Sauran ki bar mini."

"Ba zan taɓa ɗan tsako ko ɗaya ba."

"Ba wanda ya ce ki taɓa."

Ya fita yana tsayar da adaidaita sahu. Ta bi bayansa da kallo har ya tattare rigarsa ya shige. Mutumin da bai san bambancin hita da fanka ba, amma ya san inda ake sayen gaskiya a kwali.

Ta kwashe ƙwan ta jera a bokiti a hankali, kamar har yanzu akwai abin da zai fashe, ta rufe da buhu ta kai bayan shago. Ta wanke tiren da omo, ta bar ƙofar injin a buɗe ya sha iska. Sannan ta jona kwamfutar. Da farko ta toshe ramin da ya kashe ƙwan: daga yau duk rubutun da ya wuce gurbinsa, a datse shi. Layi uku kacal na umarnin kwamfuta gyaran ya ci. Ta daɗe tana kallon layukan nan uku.

Saura sunan. Tana da ƙaramin ɗa, da ƙa babba da ƙarami, da ɓa, amma ba ta taɓa buƙatar babban Ɗa ba. Kowane harafi a allon ɗan akwati ne, ɗigo biyar a kwance, takwas a tsaye, kuma D shi kaɗai yana cinye faɗin gaba ɗaya. Dole ta matse cikinsa ta samar wa ƙugiyar wuri a hagu. Na farko da ta zana ya fito kamar buta. Na biyu ya yi kama da sifili mai kunne. Ta goge, ta matsar da ɗigo ɗaya sama, ta cire wani a ƙasa, ta ja baya ta kanne ido. Ta sake. A hankali ya tsaya da ƙafarsa, Ɗa sosai, wanda ko ɗan firamare zai gane. Duk da abin da ke cikin bokiti a bayan shago, sai da ta ji wani ɗan sanyi a ƙirjinta. A duk titin nan, ta gaya wa kanta, daga masu buga kati har masu rubuta allon shaguna da suke rubuta "kofa" da "daki" ba kunya, babu mai iya wannan, babu ma wanda ya san akwai abin iyawa.

Wayarta ta yi ƙara. Goggo Bintu.

"Bahijjatu, ina kwana? Ya jikokin nawa, sun fara leƙowa?"

"Lafiya lau, Goggo. Ina kwana."

"Na gyara musu akurki tun jiya. Har matar Malam Mala ta aiko tana tambaya, kin san akwai nata guda shida a ciki."

Bahijja ta kalli tiren da ke bushewa a jikin bango.

"Sun kusa, Goggo. Yau muna da baƙi, zan shigo da yamma."

"To Allah ya yi miki albarka. Allah ya ƙara basira."

Ta ce amin, ta kife wayar a kan tebur.

Mikail ya dawo da kwali mai huji-huji yana ta ciu-ciu, da baƙar leda a ɗaya hannun. Ya buɗe kwalin. 'Yan tsakin gidan gona ne, rawaya duka, kansu ɗaya kamar an buga su a inji, busassu, masu ƙiba. Kajin Goggo kuwa na gida ne, baƙi da ja da wake-wake.

"Mece ce a ledar?"

"Ɓawo. Wurin mai shayin kwana na karɓo. Ai ba a ganin ɗan tsako ba ɓawo."

Ya tattare hannun riga ya shiga jera su a tire, yana juya kowane ɓawo ta inda ya fi kyau. Ɗaya har da ɗan yankan albasa a manne. Bahijja ta gani, ta bar shi, tana so ta ga ko zai lura. Bai lura ba. Daga baya, da ya juya yana amsa waya, ta sa yatsa ta cire albasar. Ɓawo ne, ta ce a ranta, ba ɗan tsako ba ne. Ta kuma saita ɗumin ƙasa-ƙasa don kar su galabaita, ta rufe ƙofar.

An ce Hajiya za ta zo da hantsi, sai bayan azahar motocinta suka tsaya. Mata masu anko suka fara fitowa, suka cika kujerun roba suna fifita da 'yan takardun da aka raba musu. Sai wani mai ɗaukar hoto da ake kira Salihu, kyamara biyu a wuya, yana tafiya da baya. Sai ita. Doguwa ce, mai jiki, ta haura sittin, leshi fari da mayafi mai nauyi, tana tafiya a hankali irin ta wadda ta saba a jira ta. Kowa ya san ta da katafariyar gonar kaji a hanyar Zariya, kuma kowa ya san ba don Allah kaɗai ake kafa gidauniya ana saura shekara zaɓe ba.

Mikail ya durƙusa har shaddarsa ta share ƙasa.

"Ranki ya daɗe, uwar marayu, barka da sauka. Ga ƙanwata, Injiniya Bahijja, ita ce ke taimaka mini ta ɓangaren fasaha."

Bahijja ta rusuna ta gaishe ta. Taimaka mini. Ta haɗiye.

Ya yi jawabi. Ya ambaci tallafa wa mata, ya ambaci dogaro da kai, ya ambaci harshen uwa har sau uku, shi da ko saƙon waya bai taɓa sa wa ƙugiya ba. Matan anko suna tafi duk inda ya ja numfashi. Sannan ya buɗe ƙofar injin da hannu biyu. 'Yan tsakin suka yi ciu-ciu a cikin ɓawon mai shayi, wata mata ta rangaɗa guɗa, Salihu ya durƙusa yana ta ƙyasta kyamara.

Hajiya Ummi ta matso. Ta sa hannu ta ɗauko ɗaya, ba irin ɗaukar baƙo ba, ta tallafe shi a tafinta, ta buɗe fiffikensa da babban yatsa, ta hura gashin bayan wuyansa. Ta mayar. Ta ɗauki ɓawo ɗaya ta juya shi, ta ajiye. Fuskarta ba ta canza ba.

"Masha Allah," ta ce da ƙarfi, don kyamara. "Injiniya, zo kusa da ni. Ke nake so a hoton."

Bahijja ta matsa. Hajiya ta dafa kafaɗarta, ta sunkuyo kamar za ta sa mata albarka. Muryarta ta yi ƙasa yadda ba mai ji sai su biyu.

"Kin ga ɗan shuɗin nan a wuyansu? Feshin rigakafi ne. Duk Kano gonata ce kaɗai take sa wannan launin. Shekaranjiya aka ƙyanƙyashe su a wurina."

Bahijja ta sunkuyar da kai.

"Hajiya, wallahi injin yana..."

"Na san yana yi. Na aika an tambayi matan da kika yi wa aiki a Goron Dutse tun kafin in sa ƙafa a nan. Kin ɗauka hoton kaji nake saye?" Ta ɗan matse kafaɗar. "Me ya kashe naku?"

"Rubutu ne, ranki ya daɗe. Sunanki aka sa a allo, harafin farko ya..."

"Sunana." Hajiya ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Ta saki kafaɗar, ta sa tabarau, ta duƙa ga ɗan allon. Haj Ummi Ɗantani, ga shi nan cif a layin sama, Ɗa ɗin a tsaye da ƙugiyarsa. Bahijja ta samu kanta tana riƙe numfashi kamar ɗaliba a gaban malama.

"Mene ne wannan a jikin D ɗin? Allon ya fashe ne?"

"Ƙugiya ce, Hajiya. Ɗa ce. Da hannu na zana ta."

"Cire ta. Ni ba haka nake rubuta sunana ba. Fasfo ɗina babu ita, katin bankina babu ita, allon gonata babu ita. In masu ba mu tallafi daga waje suka ga wannan sai su ce wata ce daban." Ta miƙe, ta cire tabaran. "Sauran rubutun ma duk a mayar da shi Turanci, ya fi fitowa a rahoto. Matan a sa musu ƙararrawa, in ta yi kuka su zuba ruwa. Za ki iya?"

Mikail, wanda bai ji farkon maganar ba sai ƙarshenta, ya yi caraf ya ce, "Ai wannan ba komai ba ne, ranki ya daɗe. Dama ni na ce mata ƙugiyoyin nan wahala ce kawai."

Hajiya ba ta ko kalle shi ba. Bahijja take kallo, tana jira, da idon wadda ta riga ta san amsar kuma ba ta ga laifin mai bayarwa ba.

Akwai maganganu da yawa a bakin Bahijja. Tun safe take tara su, na Mikail daban, na matan anko daban, na Hajiya ma ta tanada tun kafin ta gan ta.

"Zan iya, Hajiya," ta ce.

"Madalla. Gobe ki zo ofis, ke kaɗai. Salihu, ɗauke mu."

Aka jeru a gaban injin. Aka ba Bahijja ɗan tsako ɗaya aka ce ta ɗaga shi daidai ƙirji, ta karɓa. Yana da ɗumi, zuciyarsa tana bugawa a tafinta da sauri. Salihu ya ce a matso, a ƙara matsowa, kowa ya kalli nan.

Da motocin suka tashi, matan anko suka bi layin karɓar lemo, Mikail ya fita waje yana gaya wa wani a waya yadda ya shawo kan Hajiya. Salihu yana naɗe igiyar kyamararsa, sai ya tsaya kusa da Bahijja.

"Injiniya, zo ki ga wanda za a buga. Ya yi kyau wallahi."

Ta leƙa bayan kyamarar. Ga Hajiya a tsakiya da fuskarta ta taro. Ga Mikail ya wage baki har kunne, ya cusa kafaɗa gaba don kar a yanke shi. Ta nemi tata fuskar, tana sa ran ta ga abin da ta wuni tana ji, ko da a gefen leɓe ne, ko a ido, wata alama da za ta nuna cewa ita dai ba da su take ba.

Ta sa Salihu ya ƙara girman hoton. Ya ƙara, ya sake ƙarawa har fuskarta ta cika gilashin. Murmushi take yi, haƙora a waje, kai ɗan karkace wajen kafaɗar Hajiya. Duk cikin hoton babu wanda nasa ya kai nata faɗi.

"In turo miki?" in ji Salihu.

"Turo wa Yaya," ta ce. "Shi yake ajiye irin waɗannan."